Jakin da Surukina Ya Rufe wa Baki

Akwai abin da ko ranar da za a zare raina ina jin sai na tuna shi na yi murmushi kafin in miƙa. Ba zan manta da shi ba. Ya faru ne bayan shekarar da aka kashe layukan waya a jiharmu, har mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don kawai su gaida 'yan uwa, kuma kafin shekarar da aka canza kuɗi. In kuna son lissafin gida, damina ce da ta biyo bayan faɗuwar tsamiyar ƙofar gidanmu a Bungudu, lokacin haƙorina na ƙasa yana girgiza amma bai fita ba tukuna. Lambar shekarar ban san ta ba, kuma rashin saninta bai taɓa rage ni da komai ba.

Ban yi boko ba. Jikata ce ke rubuta wannan, tana gyara mini Hausa wai ta koma irin ta littafi, saboda haka in kun ji magana ta yi sanyi, laifinta ne. A 'Yankuzo aka haife ni, aure ya kawo ni Bungudu, kuma tsakanin garuruwan nan biyu in ana zancen tatsuniya ba a sa ni sahu ɗaya da kowa. Ina yin muryar kura yaro ya ƙanƙame uwarsa. Ina yin ta kwaɗo, kwaɗin rijiya su amsa. Kuma ban taɓa ba da labari iri ɗaya sau biyu ba, don mai maimaitawa hadda ya yi, ba iyawa ba.

'Yata ta fari tana aure a Damba, cikin Gusau. Kun san yadda muke da 'ya'yan fari. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Kakarta ce ta goye ta, ni kuwa in ina son ta sai in ce "ke", in tana nesa in ce "waccan". Mijinta ma haka muke da shi, har ya fi. In ya zo gaisuwa tun daga zaure zai tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ya kafa ido a ƙasa ya ce, "Ina kwana, Inna." Ni kuma in ce "lafiya" ina kallon bango. Mun daɗe a haka, har na fi sanin saman hularsa a kan fuskarsa. Da za a ce in nuna shi a cikin kasuwa, sai dai in sa kowa ya sunkuya.

To, shi wannan surukin nawa ne wata makarantar sakandare a Gusau ta ɗauka ya koya wa yara yin katun, wato zanen da ke motsi yana magana, da haɗa hoto da murya a kwamfuta. Babbar 'yarsa, jikar nan tawa, tana cikin ajin, kuma ita ce ta fi kowa hannun zane da tsawon baki.

Wata Juma'a ta zo Bungudu ta same ni ina tsince shinkafa. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Tsohuwa, ki ƙare mana kallo. Mun kusa tafiya Ikko."

"Ku da wa?"

"Mu duka, har da Mama. Shugaban makaranta ya ce ajin Baba wasan yara ne, ba a ga komai ba sai shan man janareta. In ba a nuna abin kirki ranar rabon kyaututtuka ba, za a mayar da ɗakin wurin ajiye karyayyun kujeru. Baba kuma abokinsa ya samo masa aiki a can."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na ci gaba da aikina. Sai can na lura ina zubar da shinkafar ne ina tara tsakuwa a faifai.

Ikko ba Tsafe ba ce da za ka je da safe ka dawo da yamma. Mai shekaruna in aka ce mata 'yarta ta tafi Ikko, to sallama ce. Kuma ba ni da bakin da zan ce kada ta tafi. Wadda ban taɓa kiran sunanta ba, ta ina zan fara roƙonta?

Yarinyar ta ce akwai mafita. Yaran sun iya zane, sun iya injin, labari ne ba su da shi. Duk abin da suka rubuta, in ba a yi dambe ba to an tashi sama. Suna son labarin jakina, kuma da muryata. Wannan labari ni na ƙirƙire shi da kaina. Wani tsohon jaki ne da ke kai kaya kasuwar Mada, ya ga babura sun ƙwace masa aiki, sai ya tafi wurin bakanike ya ce shi ma a sa masa fitila da madubi, a zuba masa fetur.

Bayan kwana biyu surukin ya zo da kansa. Ya durƙusa inda ya saba, 'yar ta tsaya a tsakaninmu. Ina jin numfashinsa, amma ya dubi 'yarsa ya ce, "Ki gaya wa Inna, in ba zai zama takura ba, yara na neman alfarma."

Na dubi bango na ce, "Ki gaya mai, an ji. Amma ki tambaye shi, wa zai saurari kukan jakin?"

A labarin nan jakin yana kuka ba sau ɗaya ba, kuma ni ba na kukan jaki rabi da rabi. Sai na buɗe baki har ganda, na ja iska ciki, na sako ta waje, idanu sun firfito. Ba macen da za ta yi wannan a gaban mijin 'yarta ta fari kuma ta sake shiga mutane.

Ya ce, "Ki gaya wa Inna, za a san yadda za a yi."

Ranar da na fara zuwa makarantar na tafi da damin bunu ɗan ƙarami a cikin zanena. Ba a tatsuniya da rana, in kuwa dole ta kama sai an ƙulla bunun ɗaki, ga shi na san rufin makaranta kwano ne. Na sa wani dogon yaro ya hau tebur ya soke bunun a jikin fankar sama, na ƙulla shi da hannuna. Yara suna ta gimtse dariya. Wata ta ce, "Inna, in aka kawo wuta fankar za ta juya." Na ce ta juya, ƙullin dai na nan.

Ɗakin cike yake da kwamfutoci an lulluɓe su da ƙyalle kamar masu jinya. An jingina katifu a kusurwa, wai don kada ƙarar waje ta shiga, aka zaunar da ni a ciki aka kafa mini makirufo a baki. An rataye tabarma a tsakiyar ɗakin. Ni a nan, surukina a can da injinsa. Sai na ji yadda ya "san yadda za a yi". Auduga ya cusa a kunnuwansa, ya ɗora rawani a kai. Ban yarda ba sai da na tura yara biyu suka leƙa suka tabbatar, ɗaya har ya kira shi ta baya bai waiwayo ba.

Na tambayi jikata, mutumin da ba ya ji, yaya zai san na yi daidai? Ta ce murya in ta shiga kwamfuta tana zama zane, layi mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Shi wannan zai riƙa kallo.

Na yi kukan farko. Daga bayan tabarma na ji muryarsa da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa: "Ki gaya wa Inna, layin ya ɗan yi ƙasa. In da hali, ba tilas."

Yarinyar ta leƙo ta ce, "Baba ya ce wannan kukan tunkiya ne mai mura."

"Ubanki bai ce haka ba. Ina da kunne."

"Zanen ne ya ce."

"Ke da zanen ku jira."

Na gyara zama na saki na biyu. Maigadin makarantar ya shigo da sanda yana tambayar ta ina dabbar ta shigo. Daga bayan tabarma aka ce, "Ki gaya wa Inna, layin ya fita daga allo."

Haka muka yi makonni ina zuwa ina komawa, har direbobin tashar Bungudu suka fara ce mini Malama. A nan na ga wahalar da ban taɓa gani ba. Ni in na ce jaki ya ƙifta ido, ya ƙifta, an wuce wurin. Su kuwa sai sun zana idon a buɗe, su zana ya ɗan runtse, su ƙara zana ya ƙara runtsewa, har ya rufe, sannan su biyo hanyar su dawo. Kafin jakin nan ya ɗaga ƙafa ɗaya sai rabin aji ya yi zufa. Malamin nasu yana zagayawa yana cewa kada wanda ya yi gaggawa, motsin da ke tsakanin motsi biyu shi ne rai. Ban san abin da yake nufi ba, amma yadda yaran ke yin tsit in ya faɗa, na gane ba wasa yake koyarwa ba.

Sai aka zo kan baki. Wai kowane sauti da siffar da baki ke yi, kuma dole bakin jakin ya bi nawa. Yara suka kewaye ni da fensir suna leƙen bakina kamar masu sayen akuya. "Inna, ce 'o'." "Inna, riƙe haka, kada ki rufe." Suka ɗauki hotunan bakin suka zuba a kwamfuta. Da malamin ya zo duba aikinsu ya ci karo da bakin surukarsa a buɗe ya cika allo, an ce mini sai da ya yi salati. Daga ranar, in zai duba aikin yaro sai ya cire hularsa ya rufe wannan gefen, ya yi gyara a sauran. Shi ya sa bai san sun yi wa jakin haƙori ɗaya na ƙasa mai girgiza ba. Ni na gani, ban ce komai ba. Jakin ya yi kyau.

Rigimar da muka yi da su ɗaya ce. In ruwa ya sauko a kan kwanon nan, ko wata babbar mota ta wuce, sai a ce a sake. Ni kuwa in na sake, labari ya sake. Yau jakin ya je wurin bakanike, gobe ya fara biyawa ta wurin mai faci, jibi bakaniken ya yi tafiya ƙaninsa ne a shago. Wata yarinya ta fashe da kuka, ta ce ta yi kwanaki tana zana gashin bakin bakaniken, ga shi na kore shi daga labari.

Na ce, "Ɗiyata, ai yau bai fito ba ne. Ina ruwana?"

Aka turo saƙo daga bayan tabarma: "Ki gaya wa Inna, zane ba ya canza shawara." A ƙarshe suka zaɓi guda cikin waɗanda na yi suka ce shi ke nan. Ba shi ne ya fi daɗi ba, amma na ƙyale su.

Yanzu ga abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya. A cikin kwamfutar, kowace murya da layinta. Ƙarar babur da nata, hayaniyar kasuwa da nata, yaron da ya yi muryar bakanike da nasa, ni da nawa. Kuma kowane layi yana da ɗan madanni a gefe, in an taɓa shi wannan muryar ta yi shiru, sauran su ci gaba. Surukina ba zai iya haɗa aikin ƙarshe da auduga a kunne ba, dole ya ji babur, ya ji bakanike. Saboda haka duk lokacin da ya zauna aiki, abu na farko da yake yi shi ne ya taɓa madannin layina ya rufe mini baki, cikin ladabi. In ya gama ya buɗe. Haɗawar ƙarshe kuwa, wadda ake fitar da katun ɗin gaba ɗaya a zuba shi a ƙaramar kwamfuta, tana cin kusan wuni, kuma saboda rashin wuta ba a gama ta ba sai safiyar bikin. A wannan karon ya rufe, bai buɗe ba. Wanda ya kamata ya zauna ya kalla daga farko har ƙarshe kafin a nuna wa jama'a shi ne malami. Malamin kuwa ba zai zauna ya ji surukarsa na kuka ba.

Ranar bikin na sa zanena na saƙi wanda ba na fito da shi sai babban dalili. An rufe tagogin babban ɗakin taro da barguna don majigi ya fito sosai. Iyaye sun cika, wasu daga Tsafe, wasu daga Bungudu, har da direbobin tasharmu da suka ce sai sun ga abin da Malama ke koyarwa. Shugaban makarantar yana gaba cikin babbar riga, kusa da shi shugaban ƙungiyar iyaye, wani dattijo mai sayar da hatsi. An ba ni kujera a sahun gaba. 'Yata tana can baya cikin mata da goyonta. Da safen nan aka gaya mini ta riga ta raba wa maƙwabta kajinta.

Aka gama jawabai, aka raba littattafai da bokitai. Surukina ya tsaya gefen bango da ƙaramar kwamfutarsa, kansa a ƙasa don ina wurin. Ya taɓa, bango ya yi haske.

Ga kasuwa, ga hayaniya, ga babura suna wucewa da ƙara. Mutane suka gyara zama. Sai ga jakina ya fito yana tafe yana kaɗa kunne, har aka fara tafi. Ya tsaya a ƙofar shagon bakanike, ya miƙe wuya, ya buɗe baki har ganda, idanu suka firfito, haƙorin nan yana rawa.

Ba abin da ya fito.

Ya rufe bakin, ya sake buɗewa, ya yi ta motsa leɓɓa. Shiru. Sai bakaniken ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi, jaki, wannan magana taka ta yi girma."

Wani direba daga baya ya ce a ƙara murya. Aka ƙara. Babur ya wuce kamar zai tsaga bango, jaki kuwa ko tari. Wani tsoho a bayana ya ce wa na kusa da shi, "An yi wa dabbar nan asiri." Bakaniken ya sake cewa, "Maimaita in ji, ban taɓa jin irin wannan ba." Ɗakin ya fara guna-guni. Shugaban makaranta ya dubi agogonsa, ya dubi malamin, irin duban da ake yi wa kujerar da ta riga ta karye.

Jikata ta rarrafo ta ƙarƙashin hasken ta dafa gwiwata. Ta ce, "Baba ya manta bai buɗe miki baki ba."

"To ya buɗe."

"Ba ya buɗuwa a nan. Sai an koma an sake haɗawa, sai gobe." Wannan ce rana ɗaya da na ga yarinyar nan ba ta da abin ƙarawa.

Na duba. Babu tabarma, babu auduga, babu bunu. Maza cike da ɗaki, rana tsaka, ga mijin 'yata tsaye kusa da inda zan tsaya. Na waiwaya baya, na hango waccan ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da bai kwance ba.

Na tashi. Na je teburin shugaban makaranta na ɗauke makirufon da ke gabansa ban ce masa komai ba. Na juya wa jama'a baya, na fuskanci bango. Daidai nan jakin ya sake miƙe wuya. Na ja iska har ƙasan cikina na sako masa ita.

Lasifikar nan an ƙure ta. Wani bargo ya faɗo daga taga. Jarirai suka ɗauka gaba ɗaya, sannan manya suka kece da dariya, direbobinmu suna dukan benci.

Na shiga labari. Amma ban tuna wanda suka zaɓa ba, kuma ko na tuna ba zan iya bin sa ba. Ina tsakiyar magana jakin ya rufe baki ya juya zai tafi. Ni ban gama ba. Mai tsayar da shi mutum ɗaya ne a duniya, kuma ban taɓa ba shi umarni ba tun da na san shi. Jikata ta yi nisa, ga makirufo a bakina. Ban san lokacin da na ji muryar jakin ta ce:

"Kai mai injin can, tsaida ni. Ban ƙare ba."

Hoton ya tsaya cak, jaki da ƙafa ɗaya a sama. Sai na ji surukina, da muryar da yake gaishe ni da ita, ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Ɗakin ya sake rushewa. Ni kuwa wani abu ya faɗo mini a rai. Ba ni na yi masa magana ba. Jaki ne. Shi ma ba ni ya amsa wa ba. Ba wanda ya keta komai.

Daga nan muka kama aiki. "Mai da ni baya." Ya mayar. "Sake ni." Ya sake. Don ya san inda zai tsayar da inda zai saki, dole ya dubi bakina, kuma ya duba. Ni ma ta gefen ido na ga fuskarsa. Ashe har ya yi furfura a gemu. Ashe ba shi da muni.

Bakaniken yana nan kan tsohon labarinsa, jakina yana kan sabo. Na ce masa ina son a sa mini fitila, ya ce, "Sai dai ka kawo uwarka ta tsaya maka." Na ce uwata ta mutu tun zamanin da ake kai gyaɗa tashar jirgi, ya ce, "Madalla, haka muke so." Mutane suna share hawaye. Yarinyar nan da ta zana gashin bakin bakanike tana tsalle tana nuna wa uwarta aikinta.

Da na ga ɗaki ya zo hannuna, sai jakin ya ce a tsaida shi. Aka tsayar daidai yana kallon jama'a.

"Ranka ya daɗe, shugaban makaranta. An ce ɗakin da anka haife ni za a zuba karyayyun kujeru. Tambaya ɗaya gare ni. Kujera ta taɓa yi maka magana?"

Mai hatsin nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Shugaban bai yi ba.

Da nan na tsaya, da an ce na yi wayo. Amma jakin ya riga ya ƙwace. Ya ce, "Kai kuma mai inji, an ce za ka Ikko. In ka tafi wa zai ɗaga mini ƙafa? Haka zan tabbata da guda a sama? To in ma tafiyar ce, ka tafi kai ɗaya, ka bar mana..."

Sai ya faɗi sunan. Sunan 'yata, na yanka, cikakke, ta lasifika, da rana, a gaban mutanen gari uku. Ya ƙara da cewa, "Uwarta ta tsufa, kuma ba ta iya faɗi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina na tsaya da makirufo a hannu ina jin ɗanɗanon sunan a bakina, kamar abincin da na daɗe ina dafa wa wasu ban taɓa kai shi baki ba. Ban waiwaya ba. Ba zan iya ba.

Surukina ya gyara murya. Bai dube ni ba, jakin ya duba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba da son raina ba ne. In an bar mana ɗakin, ba inda za mu."

Duk ɗakin ya juya ga shugaban makaranta. Ya gyara babbar rigarsa ya ce shi ba ya shawara da jaki. Mai hatsi ya ɗauki hularsa ya karkaɗe ya ce, "Malam, mun sha zama taro da kai da waɗanda ba su kai jakin nan ba." Ya ce su iyaye sun ga abin da 'ya'yansu suka zana da hannunsu, kuma man janareta ba zai gagare su ba. Shugaban ya dubi bangon, ya dubi yaran da suka tsattsaya a gefe kamar masu jiran hukunci. Sannan ya ce aji zai ci gaba, bisa sharaɗi ɗaya: muddin yana makarantar nan, kada a sake ba wa dabbar nan lasifika.

Na ce a sake ni. Aka sake jakin, ya sauke ƙafarsa, na yi masa kuka na ƙarshe, ya shige kasuwa.

Kada ku ɗauka daga ranar muka zama abokan hira. Mako na zagayowa surukina ya zo Bungudu, ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa inda ya saba, na kalli bangon da na saba. Da zai tashi ya ce wa 'yarsa, "Ki gaya wa Inna, a gaida jaki." Na ce, "Ki gaya mai, zai ji." 'Yata kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Ta dai bi maƙwabta ta karɓo kajinta, ban da guda da aka riga aka yanka.

Abin da na koya shi ne, kunya abu ce mai kyau, ban raina ta ba, da ita aka raine ni kuma da ita za a binne ni. Amma ta kusa sa in zauna a kujerar gaba cikin zanena na saƙi ina kallo a tafi da 'yata. Duk gidan da ake kunya irin tamu, ya kamata a ajiye wata dabba a gefe wadda za ta riƙa faɗin abin da mutane suka kasa.

Cikin waɗanda suka ga wannan rana, mai hatsi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maigadin ma ya rasu, da tsohon da ya ce an yi asiri. Shugaban makarantar ya yi ritaya, yana nan da ransa a Tsafe yana kiwon tumaki, an ce har yau in jaki ya yi kuka sai ya tsuke fuska. Surukina yana nan yana koyarwa, ɗakin ya cika har ana zama biyu biyu. Yarinyar gashin baki tana karatu a Zariya. Jikata ga ta nan tana cewa in taƙaita. Ni ma ga ni, haƙorin ne kawai ya tafi.

Ashe a ranar wani direba ya ɗauki abin duka a wayarsa, ya bi hannu ya bi hannu har ya isa Damba. Jikata ta ce uwarta na da shi. In ta ga yara sun fita, sai ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa ta kunna. Ba ta kallon farkon, ba ta kallon bakanike. Wuri ɗaya take kai shi, ta saurara, ta mayar baya, ta sake saurara. An ce mini abin da ya shiga waya ba ya tsufa. Na ce to a kula da jakin nan da kyau, don bayan raina shi ne zai ci gaba da kiranta.